Katin Lafiya: Wanne Za Mu Zaɓa a Jihar Kano?

'Yan uwa mata, kowacce a cikinmu ta san yadda ciwo yake shigo wa gida. Yana zuwa ne a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, yaro ya kwanta da zazzaɓi. Ko kuma naƙuda ta zo da gardama cikin dare, a ce sai an tafi babban asibiti. A irin wannan ranar ce ake kama akuyar da aka shekara ana kiwo a sayar da ita da araha, ko a cinye jarin ƙuli-ƙuli, ko a zo wajen ƙungiya a ci bashin da aka ce na sana'a ne, alhali na magani ne. Bashin sana'a yana biyan kansa. Bashin magani kuwa ba ya haihuwa, sai dai ya ci uwar kuɗi.

Domin haka ne wannan darasi zai yi magana a kan katin lafiya, wato abin da ake kira inshorar lafiya, da yadda mace mazauniyar Dawanau da ƙauyukan kewaye za ta zaɓi wanda ya dace da ita.

Mene ne inshorar lafiya?

Ku ɗauke ta kamar asusun taimakon da muke zubawa a kowane zama, sai dai wannan na mutanen jiha ne gaba ɗaya. Kowa yana zuba kaɗan tun yana da lafiya. Wanda ciwo ya kama, sai a yi masa magani daga abin da aka tara. Wadda ba ta yi ciwo ba a shekarar, ba a mayar mata da kuɗinta, domin sun yi wa wata amfani. Shi ya sa a Kano ake kiran tsarin da taimakekeniya. Ba adashe ba ne da kowa yake jiran kwasarsa, gudummawa ce. A fahimci wannan tun farko, kada a zo ƙarshen shekara ana cewa an cuce mu.

Ƙofofi huɗu da ke gabanmu

Ta farko, ƙofar kyauta. Dokar lafiya ta ƙasa ta shekarar 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Daga wannan asusu, da ake kira BHCPF, ake yi wa masu rauni rajista ba tare da sun biya ko sisi ba: masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da marasa galihu. Gurbin yana da iyaka, ba kowa yake samu ba. Amma kafin ki fitar da kuɗinki, ki fara tambaya a asibitin mazaɓarku ko ana ɗaukar sunaye.

Ta biyu, ƙofar ma'aikata. In maigida ma'aikacin gwamnati ne, mai yiwuwa an riga an yi masa rajista ta wajen aikinsa. A tsarin ma'aikatan tarayya, katin yana ɗaukar ma'aikaci da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. To a gidan da ake da mata biyu ko uku, da 'ya'ya goma fa? Kada ki ɗauka kina ciki. Cikin ladabi ki ce: "Malam, sunan wa da wa aka sa a katin nan?" Wanda ba a sa ba, sai a nema masa wata hanya.

Ta uku, ƙofar jiha. Jihar Kano ta yi dokar kafa Hukumar Taimakekeniyar Lafiya, wato KSCHMA, a shekarar 2016. Ban da ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi, tana da tsarin masu sana'ar hannu, manoma da 'yan kasuwa, inda mutum yake biyan kuɗin shekara da kansa. Ga mafi yawanmu, wannan ce ƙofar da ta fi kusa, domin asibitocin gwamnati da muke zuwa su ne take aiki da su.

Ta huɗu, ƙofar tarayya da ta kamfanoni. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta maye gurbin NHIS a shekarar 2022, tana da tsarin ɗaiɗaikun mutane da iyalai da ƙungiyoyi. Akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu. Kuɗin kamfanoni ya fi yawa, kuma asibitocinsu sun fi yawa a cikin birni. Wadda take yawan zama a wata jiha, kamar mai bin miji ci-rani, ita ce ya kamata ta duba tsarin tarayya da kyau, domin katin jiha a asibitocin da jiharsa ta amince da su yake aiki.

Zaɓen asibiti ya fi zaɓen kati

Ranar rajista za a ce ki zaɓi asibiti ɗaya da za ki riƙa zuwa. Nan ne mata da yawa suke kuskure, su zaɓi mai babban suna a birni. Ki tambayi kanki: in yaro ya fara jijjiga da ƙarfe biyun dare, ina zan iya kaiwa? Nawa ne kuɗin mashin ko a-daidaita-sahu, zuwa da dawowa? Akwai ungozomar asibiti da dare? Ana samun magani, ko kullum sai a rubuta takarda a ce a tafi kemis?

Ki zaɓi na kusa wanda yake aiki. In ciwon ya fi ƙarfinsu, su ne za su ba ki takardar turawa zuwa babban asibiti, kamar na Dawakin Tofa ko Asibitin Murtala a cikin gari. In kika tsallake su kika tafi kai tsaye, alhali ba ciwon gaggawa ba ne, za a iya cewa ki biya daga aljihunki.

Tambayoyi biyar kafin a biya

1. Nawa ne kuɗin shekara na mutum ɗaya, kuma ana iya biya kashi-kashi?
2. Yaushe katin zai fara aiki? Yawanci ba ranar da aka biya ba ne, akwai lokacin jira. Mai ciki kada ta bari sai watan haihuwa.
3. Me ya ƙunsa? A tambayi awon ciki, haihuwa, tiyatar haihuwa, ƙarin jini, gwaje-gwaje, hawan jini da ciwon suga, ɗaya bayan ɗaya.
4. Akwai abin da zan ƙara a kan kuɗin magani? A tsarin ma'aikatan tarayya, mutum yana biyan kashi 10 cikin 100.
5. In aka ce babu magani, ko aka wulaƙanta ni, wa zan kai wa ƙara? A karɓi lambar wayar hukumar, sakatariya ta rubuta a littafin ƙungiya.

Yadda ƙungiya za ta tara kuɗin

Mu ɗauki misali. A ce kuɗin shekara naira 12,000 ne. A dunƙule yana da nauyi. Amma naira 250 a kowane zaman mako, cikin mako 48 ta cika. Sauran mako huɗu na shekara sun ba da naira 1,000, ga kuɗin mota ke nan. A ware wa wannan jaka ta daban a cikin akwati, kada a gauraya da kuɗin bashi ko na taimako.

Wata hanyar ita ce a biya da kaka, lokacin da aka sayar da wake ko riɗi ko gyaɗa a kasuwar Dawanau, ko kuma ranar rabo, tun kafin kuɗin su shiga biki da anko.

In kuɗin ba za su isa kowa a gida ba, a fara da wanda ya fi zuwa asibiti: mai ciki ko mai shirin ɗauka, sai mai ciwon da yake shan magani kullum, sai ƙananan yara. Ke ma uwar gida kada ki sa kanki a ƙarshe. In kika kwanta, sana'a ta tsaya, zubi ya tsaya, tukunya ma ta tsaya.

A kula da 'yan damfara

Kada a ba kowa kuɗi a hannu don ya ce shi wakili ne. A biya ta hanyar da hukuma ta faɗa, a karɓi rasit. Gurbin kyauta ba a sayar da shi. A tafi da lambar katin ɗan ƙasa, wato NIN, kuma a tabbatar an rubuta suna daidai. Ba a aron kati, ko da na kishiya ne ko na ƙanwa. Sakatariya ta rubuta ranar da katin kowacce zai ƙare, ta tunatar wata ɗaya kafin lokaci.

Aikin wannan mako

A zaɓi mata biyu, ɗaya mai iya karatu, su je asibitin mazaɓa da tambayoyin nan biyar, su kawo amsa a zama mai zuwa. Kowacce kuma ta lissafa abin da gidanta ya kashe a magani tun daga daminar bara zuwa yau, har da abin da aka sayar da bashin da aka ci. Ta shawarci maigida, ta zo da lissafin. Sai mu ajiye shi kusa da kuɗin kati, mu ga wanne ya fi nauyi, sannan mu yanke shawara tare.