Lodin Katako a Kan Filato: Abin da Ya Kamata Mai Shanu Ya Sani

'Yan uwa fatake, dillalai da 'yan kamasho na karar Kolokonde, da na Jugu da Faraku.

Wani zai ce mene ne haɗin mai shanu da katako? Haɗin kuwa babba ne. Direba ba ya son tafiya wayam, in bai sami dabbobi ba sai ya yi lodin katako daga wajen Basila, ko a kan filato, wato tirelar nan mai shimfiɗaɗɗen baya marar bodi, ko a cikin motar da muke jira ranar kasuwa. Yaranmu sukan bi waɗannan motoci, mu ma mukan sayi falanki don yin shinge da gyaran bodi. In lodi ya zube tsakanin Jugu da Faraku, tafiyar kusan kilomita 135, to kasuwa ta wuce mu, wani lokacin ma har da rai.

Abu na farko, katako ba sa ba ne. Sa yana da ƙafa, in mota ta karkata yakan cije. Katako kuwa santsi gare shi, musamman wanda aka goge da inji ko wanda ruwa ya taɓa. Nauyinsa ba ya hana shi tafiya. Ƙa'idar ɗaurin kaya ta ƙasashen Turai ta ce dole ɗauri ya iya tare kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya ta gaba, da kashi 50 ta gefe da ta baya. Ma'ana, in lodin tan 10 ne, direba ya taka birki da ƙarfi, kamar tan 8 ne zai nufo bayan kansa. Igiyar da muke ɗaure ƙaho da ita ba ta wannan aiki, miƙewa take yi.

Ga yadda lodi mai kyau yake. A share bayan mota, kada a bar yashi ko kashin shanu. A gitta sanduna masu kauri a ƙasa, sannan a jera dogayen katako masu nauyi, gajeru su hau sama. Kan katako ya dafa allon gaba, kada a bar fili, domin fili shi ke ba kaya damar ɗaukar gudu. Nauyi ya zauna a tsakiya, kada ɓangare ɗaya ya rinjayi ɗaya. In an yi hawa biyu ko uku, sandunan kowane hawa su zauna daidai saitin na ƙasa, bel kuma ya bi ta kusa da su, in ba haka ba falanki zai lanƙwasa, ɗauri ya saki.

Sai ɗauri. Falanki bel mai ƙugiya ake sa masa, gungume kuwa sai sarƙa da turakun ƙarfe a gefe. Kowane ɗaurin katako, komin gajartarsa, kada ya kasa bel biyu, dogo kuma a ƙara masa. A ɗaure hawan ƙasa daban kafin a ɗora na sama. Inda bel ya hau kaifin katako a sa masa guntun tsohuwar taya. Bel ɗin da ya fara tsagewa ko aka ƙulla shi, a yar, araha ba ta ado. Tamfol kuma rufi ne, ba ɗauri ba. Abin da ya zarce bayan mota a ɗaura masa jan ƙyalle.

Bayan an bar gari kaɗan, a tsaya a sake ja, don kaya sukan zauna in mota ta girgiza su. Haka kuma bayan ruwan sama da bayan hanya mai ramuka.

Akwai maganar sikeli. Dokar UEMOA mai lamba 14 ta shekarar 2005, wadda ta shafi Binin, Nijar, Togo da Burkina Faso da sauransu, ta ƙayyade tan 11.5 a kan aksul guda na baya mai taya ɗaya a kowane gefe, tsayin mota da kayanta kuma mita 4. Ɗanyen katako mai ƙarfi, mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi, yakan kai wajen tan guda. Don haka lodin da ido ke ganin kaɗan ne, sikeli ya ce ya wuce.

Sai takarda. Tun watan Janairun 2017 madobiya ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido, ba a ƙetare iyaka da ita sai da izini. Wannan itaciya ce da makiyaya ke sassaɓo wa shanu ganyenta da rani, ƙarewarta asararmu ce. In ma'aikatan gandun daji ko duwan suka kama mota da katako marar takarda, duk abin da ke kanta ya kwana. Kada ɗayanmu ya yarda a cusa masa 'yan falanki a ƙarƙashin dabbobi, wai don a rage kuɗin mota.

Daga ƙarshe, abu biyu muke roƙo. Kada a bar yaro ya hau kan lodin katako, ko da kyauta aka ce. Motar da ta sauke katako kuma, a duba ƙasanta da kyau kafin shanu su hau, ƙusa ɗaya ta isa ta gurgunta bijimin da aka yi wata huɗu ana turka shi. In direba ya ce ai Allah ne ke tsarewa, mu ce gaskiya ne, amma malamai sun koya mana a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.