Kula da Kifin Maski Tsakanin Kamu da Saki a Bakin Gaɓa

Maski, wanda masana ke kira Esox masquinongy, kifi ne mafarauci na ruwan daɗi a Amurka ta Arewa, ana samunsa a Manyan Tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, da kogin Saint Lawrence, da sassan kogunan Mississippi da Ohio, kuma tun 1955 jihar Wisconsin ta ɗauke shi a matsayin kifin jiha. Tsawonsa kan zarce mita ɗaya, amma ba shi da yawa a ruwa, kuma tamatarsa na shafe shekaru kafin ta fara saka ƙwai, saboda haka mutuwar babba guda ɗaya giɓi ne da ba ya cikewa da wuri. Wannan ne ya sa ƙungiyar Muskies Inc., wadda aka kafa a Minnesota a 1966, ta yi ta kiran masunta su riƙa mayar da abin da suka kama, har ta kai dokar jihar Minnesota ta hana riƙe maskin da bai kai inci 54 ba, wato kimanin santimita 137. Wanda ya saba da su don abinci zai ga abin baƙo, sai dai a can yawanci don nishaɗi ake yinsa.

Mai jefa fatsa daga gaɓa ya fi mai kwalekwale fuskantar matsala, domin shi ƙasa ce a gabansa, kuma abin da zuciya ke fara raya masa shi ne ya janyo kifin kan tudu. Jikin maski a lulluɓe yake da wani yauƙi mai kare shi daga ƙwayoyin cuta, wanda yashi da tsakuwa da busasshiyar ciyawa ke kankarewa cikin 'yan daƙiƙu, sannan kifin da ke zillo a kan dutse yakan ji rauni a ido da kai. Irin wannan kifi yana iya tafiya da ƙarfinsa idan an sake shi, ya je ya mutu bayan kwanaki, mai shi kuwa bai sani ba. Don haka tun kafin jifan farko ake zaɓar wurin da gaɓa ba ta da tsayi, inda mutum zai iya shiga ruwan, ya kuma nutsa babbar ragar hannu mai rufin roba, wadda kifin zai zauna cikinta kansa na cikin ruwa yayin da ake aiki a bakinsa.

Kayan aikin ba su da yawa: doguwar filaya, da almakashin yanke ƙarfe, da safar hannu, da igiya mai ƙarfi wadda aka ɗaura wa guntuwar waya a kusa da koto saboda kaifin haƙoransa. Igiya mai ƙarfi tana gajarta kokawa, kuma doguwar kokawa ce ke tara sinadarin gajiya a tsokar kifin har ya kasa farfaɗowa. Ƙugiya mai baki uku da ta shige sosai yanke ta ake yi, ba a tsayawa fizga, domin kuɗinta bai kai a sa ran kifi ko yatsun mutum a haɗari ba.

Idan za a ɗaga shi don hoto, ana jiƙa hannu, a sa yatsu ƙarƙashin murfin gaɓoɓin numfashinsa ba tare da taɓa jajayen zaren ciki ba, a tallafi cikinsa da ɗaya hannun, a riƙe shi a kwance na ɗan lokaci kaɗan. Rataye shi a tsaye yana ɗora nauyinsa duka a kan muƙamuƙi da ƙashin baya, abin da ruwa ne ke ɗauke masa a kullum.

Wajen saki, ana riƙe gindin wutsiyarsa a cikin ruwa, cikinsa na ƙasa, kansa na fuskantar zurfi ko inda ruwa ke gudana, har sai ya fizge da kansa. Ruwan bakin gaɓa ya fi na tsakiya ɗumi a lokacin zafi, ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe iskar oksijin da yawa, shi ya sa masuntan maski da dama ke ajiye fatsa gaba ɗaya idan zafin ruwa ya kai kusan digiri 27 a ma'aunin Salshiyas.