Rochambeau: Janar ɗin Faransa da matan Amurka ke raya sunansa a Paris

A birnin Paris akwai wata ƙungiyar mata mai suna Rochambeau, reshe ce ta "Ƴaƴa Mata na Juyin Juya Halin Amurka", wadda aka fi sani da DAR. An kafa uwar ƙungiyar a Washington a 1890, kuma ba kowa ke shiga ba: sai macen da ta kai shekara 18, ta kuma kawo takardun da ke nuna cewa ta fito daga tsatson wanda ya taimaka wa yaƙin ƴancin Amurka. Jikokin sojojin Faransa na wancan yaƙi su ma ƙofa a buɗe take gare su.

Mai sunan, Rochambeau, an haife shi a Vendôme a 1725. Sarki Louis na 16 ne ya tura shi Amurka, inda ya sauka Newport a Yulin 1780 da sojoji fiye da 5,000. Ya haɗa kai da George Washington, suka yi wa sojojin Ingila ƙawanya a Yorktown, yayin da jiragen ruwan Faransa suka toshe hanyar teku. Ranar 19 ga Oktoba 1781 Ingila ta miƙa wuya a wurin. Bashin da Faransa ta ci don wannan yaƙi na cikin abin da ya haddasa juyin 1789, wanda ya kai shi kansa Rochambeau kurkuku. Ya tsira, ya rasu a 1807.

Sai dai sunan na ɗauke da wani tarihin. Ɗansa, Donatien, shi ne ya jagoranci sojojin Faransa da suka yi wa baƙaƙen Haiti kisan gilla, kafin Dessalines ya ci shi da yaƙi a Vertières a 1803.

Ita ma DAR ba ta tsira daga tabo ba. A 1939 ta hana mawaƙiya Marian Anderson zaurenta saboda launin fata, abin da ya sa uwargidan shugaban ƙasa, Eleanor Roosevelt, ta fice. Alhali baƙaƙe sun yi yaƙi a Yorktown, cikin rundunar Rhode Island. Sai a 1984 aka karɓi Lena Ferguson bayan doguwar taƙaddama, kuma daga nan ƙungiyar ta shiga tono sunayen dubban baƙaƙen da aka manta.

Matsalar takarda dai tana nan. Bayi da yawa ba a rubuta cikakken sunansu ba, shi ya sa jikokinsu ke shan wuya kafin su tabbatar da gadon da kakanninsu suka zubar wa jini.