Shafuka Biyar, Mai Gadi Ɗaya

Don rage kashe kuɗi, mai gina shafukan intanet yakan kama hayar wuri ɗaya a kan saba, ya jera shafukan mutane huɗu ko biyar a ciki. Kowanne ya sa masa WordPress, ya ɗora masa Wordfence, manhajar da ke tsayawa a ƙofa tana tace masu shigowa. Ana nan sai ya kwafi shafin wata makaranta don ya gina na wani kanti, sabon ya ƙi buɗewa, ko ya riƙa korar mai shi da lamba 403.

Sau da yawa laifin na layi ɗaya ne tak. Idan aka kunna cikakken tsaro, Wordfence takan rubuta umarnin auto_prepend_file a cikin fayil ɗin .user.ini ko .htaccess, wanda ke sa PHP, harshen da WordPress ke aiki da shi, ta fara karanta wordfence-waf.php kafin komai. Umarnin yana ɗauke da cikakken adireshin inda wordfence-waf.php yake. Da aka kwafi shafin, adireshin ya biyo shi yadda yake, kanti ya koma ƙarƙashin mai gadin makaranta da dokokinsa. Ranar da aka goge tsohon shafin kuwa, PHP ta nemi fayil ta rasa, sai kuskure mai lamba 500 ko farin allo. Haka ma shafin da aka cusa a cikin jakar wani, yana iya gadon umarnin na samansa ba tare da kowa ya sani ba.

Gyaran ba wuya, haƙuri yake so. A buɗe .user.ini ko .htaccess na kowane shafi, a tabbatar adireshin yana nuna jakarsa. Sannan a jira, domin PHP takan riƙe abin da ke cikin .user.ini na daƙiƙa 300. Da yawa a nan suke gajiya, su ɗauka gyaran bai ci ba, su ƙara dagula abin da ya riga ya daidaita.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu kashe manhajar gaba ɗaya don shafi ya buɗe. Shafukan da ke asusu ɗaya suna iya taɓa fayilolin juna, ɓarawon da ya shiga ɗaya ya isa sauran. In kana riƙe da amanar shafukan mutane, ka ba kowanne asusunsa daban, ko da kuɗin haya zai ƙaru.