Saint-Louis: ƙofar ƙarfe a bakin Misisipi, da kotun da bawa ya nemi ƴancinsa

Idan aka ce Saint-Louis, mafi yawanmu tunaninmu kan tafi Senegal. Akwai wata kuma a tsakiyar Amurka, cikin jihar Misuri, kusa da inda kogin Misuri ke zubawa cikin Misisipi. Wani ɗan kasuwar fatu Bafaranshe, Pierre Laclède, da yaronsa Auguste Chouteau suka kafa ta a 1764, suka raɗa mata sunan sarki Louis na tara. A 1803 Napoleon ya sayar wa Amurka da yankin baki ɗaya a kan dala miliyan 15. Faransawa sun tafi, sunayensu sun zauna a kan tituna da unguwanni: Chouteau, Laclede, Soulard, Carondelet. Sai dai yadda mutanen garin ke furta su yau, wanda ya yi lakwal a Damagaram da ƙyar zai gane.

Abin da ke jawo baƙi shi ne Gateway Arch, wani bakan ƙarfe mai ƙyalli da ke tsaye a gaɓar kogi. Tsayinsa mita 192, faɗinsa ma haka. Eero Saarinen ne ya zana shi, aka kammala ginin a 1965 don tunawa da cewa ta nan ayari kan bi zuwa yammacin ƙasar. Ana hawa ta cikinsa a wasu ƴan akwatuna masu cin mutum biyar-biyar, gwiwa na gogar gwiwa, minti huɗu sai ga ka a ƙoli. Ta ƴan tagogin sama ana hango jihar Illinois a ƙetaren ruwa.

Daga can sama, idan ka juya yamma, ginin farko da ido zai sauka a kai wata tsohuwar kotu ce mai koriyar kubba. Baƙo da yawa kan ɗauki hotonta ya wuce, alhali a nan labarin birnin yake.

A bakin matakalar wannan kotu an yi gwanjon bayi. A cikinta kuma, a 1846, wani bawa mai suna Dred Scott da matarsa Harriet suka shigar da ƙara suna neman a ƴanta su. Hujjarsu ita ce ubangidansu, likitan soja, ya zauna da su shekaru a yankunan da doka ta haramta bauta. A 1850 masu taya alƙali yanke hukunci suka ba su gaskiya. Kotun ƙolin jihar ta soke. Shari'a ta yi ta ja har Kotun Ƙolin Amurka, wadda a ranar 6 ga Maris 1857, da rinjayen alƙalai 7 a kan 2, ta ce baƙar fata, bawa ne ko ɗa, ba ɗan ƙasa ba ne, don haka ba shi da hurumin kai ƙara kotun tarayya. Shekara 11 ana tafka shari'a, a ƙarshe aka ce masa tun farko ma bai cancanci tsayawa gaban alƙali ba. Hukuncin ya ƙara rura wutar da ta kai ga yaƙin basasa a 1861, kuma sai a 1868 gyaran tsarin mulki na 14 ya share shi. Scott bai ga wannan rana ba. An ƴanta shi a watan Mayun 1857, tarin fuka ya kashe shi a shekarar da ta biyo. Yanzu mutum-mutuminsa da na Harriet na tsaye a gefen kotun.

Wuri na biyu da ake kai baƙo shi ne Forest Park, dausayi mai faɗin fiye da hekta 500. Gidan namun daji da gidan zane-zane da gidan tarihin Misuri duk suna ciki, kuma shiga kyauta ne, domin mazauna birnin da kewayensa ne ke biya ta haraji. A ƙasar da kusan komai sai da kuɗi, wannan abin a yaba ne. A wannan fili aka yi baje kolin duniya na 1904, shekarar da birnin ya karɓi wasannin Olamfik na farko a nahiyar Amurka. A gudun yada ƙanin wani, ƴan kudancin Afirka biyu, Len Taunyane da Jan Mashiani, suka zo na 9 da na 12, duk da cewa karnuka sun kori Taunyane daga hanya. Ba a matsayin ƴan wasa aka kawo su ba, suna cikin masu wasan kwaikwayon yaƙin Boer ne a baje kolin. A wurin kuma aka baje wani matashi ɗan Kwango, Ota Benga, jama'a na biyan kuɗi suna kallonsa.

Mai son tarihin da ya girmi Turawa sai ya haye kogi. Kimanin kilomita 13 gabas akwai Cahokia, kufan wani babban gari da ƴan asalin ƙasar suka gina da tulin ƙasa, wanda ya bunƙasa wajajen shekara ta 1100. Tudu mafi girma ya kai mita 30. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1982. Saint-Louis kanta tana da irin waɗannan tuddai, aka baje su don gina gidaje, saura ɗaya.

Birnin da ya haifi Chuck Berry da Josephine Baker, wadda Faransa ta karrama a Panthéon a 2021, ya rame. A 1950 mutane kusan 857,000 ke cikinsa, a ƙidayar 2020 sun koma 301,000 da ƴan kai. Titin Delmar ya raba shi biyu: kudu farare sun fi yawa kuma gidaje na da tsada, arewa baƙaƙe ne da kangaye. Ferguson, inda ɗan sanda ya harbe Michael Brown a 2014, tana can bayan gari ta arewa.

A wannan ɓangare na arewa ne maƙabartar Calvary take, inda aka binne Dred Scott. Masu ziyara kan ajiye ƙwandalar santi ɗaya, mai hoton Abraham Lincoln, a kan kabarinsa.