Gajiyar Da Ba Ta Jin Hutu: Me Ke Cinye Ƙarfin Mazauna Karu?

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga Karu ko Nyanya zuwa cikin birnin Abuja da sassafe ya san yadda abin yake. Kafin a haura Kugbo, rabin fasinjoji sun fara gyangyaɗi, wani ya jingina kai da taga, wata ta rungume jaka tana layi. Haka za a isa ofis ko shago ana hamma, ƙarfe sha ɗaya na yi jiki ya mutu, bayan Azahar kuwa sai a hankali. Da yawa sun ɗauki wannan hali a matsayin kuɗin zaman Abuja, wasu kuma su ce maleriya ce ko taifod, su nufi kemis. A wajen likitoci, gajiyar da ta ɗauki makonni ba ta sake mutum ba alama ce, kuma kowace alama tana da tushen da ya kamata a tono.

Hanya da barci

Tun da fadar gwamnati ta baro Legas zuwa Abuja a ranar 12 ga Disamba, 1991, tsadar haya ke tura ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa zuwa gefen birni. Rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007 ya ƙara yawansu. Karu, wadda asalinta garin Gbagyi ne, ta cika ta batse, haka ma Jikwoyi da Kurudu da Karshi, da Mararaba da Masaka a ɓangaren jihar Nasarawa. Yawancin wannan jama'a titin Abuja zuwa Keffi suke bi safe da yamma. Tafiyar da ba ta wuce minti 20 ba idan hanya a buɗe take, takan ci awa ɗaya ko biyu a cikin cunkoso.

Sai a yi lissafi. Baligi yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9 a kowane dare. Mutumin da ya dawo gida ƙarfe tara, ya ci tuwo, ya duba yara, ya riƙe waya har sha ɗaya da rabi, sannan ya tashi ƙarfe huɗu da rabi don ya riga cunkoso, barcin awa 5 ya yi. Daga Litinin zuwa Juma'a jikinsa na bin sa bashin aƙalla awa 10, kuma ramuwar ranar Asabar ba ta biyan bashin duka.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai sinadarin adenosin da ke taruwa muddin mutum yana farke, barci ne kaɗai ke kwashe shi. Sinadarin kafin da ke cikin goro da shayi da kofi da lemukan ƙara kuzari ba ya kwashe shi, toshe masa hanya kawai yake yi na ɗan lokaci. Rabin kafin ɗin da aka sha yana nan a jini bayan kimanin awa 5, don haka goron La'asar da shayin bayan Isha'i sukan hana barcin dare yin nauyi. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa da saurin hannunsa kan ragu kamar na wanda ya ɗan sha barasa. Direbobin haya da masu Keke Napep su lura da wannan.

Ko an kwanta da wuri, ɗakin ma yana da nasa. A watannin Maris da Afrilu zafi kan hana barci idan ba wuta, ga sauro, ga ƙarar janareta. Hayaƙin janareta da aka ajiye a baranda ko kusa da taga yana ɗauke da iskar guba marar wari, wadda kaɗan daga cikinta kan sa a tashi da ciwon kai da jiri da kasala, mai yawa kuma takan kashe.

Idan barci ya isa amma gajiya na nan

Ba komai za a ɗora wa hanya ba. Matar da ba ta fita ko'ina ma takan wuni jiki ba ƙwari, kuma a nan abin da aka fi samu shi ne ƙarancin jini. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya gano cewa kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da shi. Jini ne ke kai iskar da muke shaƙa zuwa gaɓoɓi. Idan ya yi ƙasa sai a ga haki wajen hawa bene, bugun zuciya, jiri, da fari a tafin hannu da cikin fatar ido. Jinin al'ada mai yawa, haihuwa a kai a kai, tsutsar ciki, maleriya, sikila, da zubar jini daga basir ko gyambon ciki duk suna jawo shi. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda leburori ke haɗiya kullum don su warware gajiya, sukan ci bangon ciki su sa jini ya riƙa tsiyaya ba a sani ba. Ka ga maganin gajiya ya zama sanadin gajiya.

Maleriya gaskiya ce, domin kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da ita a duniya a Najeriya suke. Amma ba kowace kasala ce maleriya ba, kuma gwajinta na gaggawa bai wuce minti 20 ba. Gwajin Widal da ake yawan kafa hujja da shi a ce wa mutum yana da taifod kan nuna cutar ko da babu ita. Mutum zai yi wata da watanni yana shan maganin abin da ba ya damunsa, ainihin ciwon na ci gaba da cin sa.

Daga cikin waɗanda ke ɓuya a haka akwai ciwon suga, mai zuwa da ƙishirwa da yawan fitsarin dare da rama. Akwai ciwon hanta, da cutar ƙanjamau, da raunin ƙoda, da raguwar aikin halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo. Akwai tarin fuka: tarin da ya wuce mako biyu tare da zufar dare ya isa a je gwaji, kuma gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Minshari ma ba abin dariya ba ne koyaushe. Akwai mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa na daƙiƙa 10 ko fiye, sau da yawa a dare guda, ya farka a firgice ba tare da ya sani ba. Zai kwana awa takwas a gado ya tashi kamar bai runtsa ba. An fi samun wannan ga masu ƙiba da kaurin wuya, kuma yana tafiya da hawan jini. Uwargida ce takan fara lura, don haka idan ta faɗa a saurare ta.

Sai ciwon damuwa, wanda mutanenmu ba su cika kiran sunansa ba. Kuɗin haya, kuɗin makaranta, da kuɗin mota da ya ninka tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sun isa su hana magidanci barci. Idan mutum ya shafe mako biyu ko fiye zuciyarsa a ƙuntace, abin da yake so a da ya fita ransa, wannan ciwo ne da ke da magani, ba ragwanci ko raunin imani ba.

Abin yi

A fara da abin da ba ya cin kuɗi. A tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, a ajiye waya awa ɗaya kafin kwanciya, a bar goro da shayi mai kauri daga Azahar. Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 tana wartsakarwa, amma barcin rana mai tsawo yana ɓata na dare. A shiga gidan sauro, a nisanta janareta daga ɗaki, a yawaita shan ruwa a lokacin zafi. Tafiyar ƙafa ta rabin awa, sau biyar a mako, tana ƙara kuzari maimakon ta rage shi.

A abinci, wake da zogale da alayyahu da kifi da hanta suna gina jini, kuma mayankar Karu na kusa. Lemo ko gwaiba tare da abinci na taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe mai gina jini, shayi kuwa yana hana shi, don haka a ba da tazarar awa ɗaya tsakaninsu. Tiramadol da haɗin ƙwayoyin 'yan talla ƙarfin aro ne da ke ƙarewa a jaraba da farfaɗiya. Maganin ƙarin jini ma kada a sha shi da ka, musamman masu sikila.

Idan an gyara barci na mako biyu zuwa huɗu gajiya ba ta tafi ba, sai asibiti. Babban Asibitin Karu, da na Nyanya, da na Asokoro duk suna yin gwajin yawan jini da na suga da na maleriya da awon hawan jini. Wanda gajiyarsa ta zo da ciwon ƙirji, haki yana zaune, kumburin ƙafa, baƙin bayan gida ko rama ba dalili, kada ya jira ko kwana ɗaya.

Masu ɗaukar ma'aikata su ma su duba: sassauta lokacin shigowa aiki ga masu zuwa daga wannan yanki zai fi musu riba a kan ma'aikacin da ke barci a kan tebur. Kai kuma mai karatu, jiki magayi ne. Idan ya daɗe yana gaya maka ya gaji, kada ka rufe masa baki da goro ko ƙwaya. Ka ba shi barcinsa, idan bai warware ba ka kai shi a auna.