Majami'ar Da Ta Ɓace Shekara 300

In an ce tarihi, hankalinmu yakan koma kan littattafai. Ina so in nuna muku yadda ƙasa ma take ba da shaida, musamman a kan mutanen da ba su bar rubutu ba.

A gaɓar jihar Jojiya ta Amurka akwai tsibiri mai suna Sen Katarin. Can ne fadafadan Katolika daga Sifen suka kafa mishan, watau Santa Katalina, a cikin ƙabilar Gwale. A 1597 mutanen Gwale suka yi bore, suka ƙone ta. Aka sake ginawa, amma a 1680 mahara suka auka mata, kowa ya watse, daji ya cinye wurin.

Ba a gano ta ba sai a 1981, sa'ad da wani masani, David Hurst Thomas, ya zo da na'ura mai jin maganaɗisu a ƙarƙashin ƙasa. Bangon majami'ar na kirare ne da yaɓen laka. To, laka in ta sha wuta takan riƙe maganaɗisu kaɗan, saboda haka gobarar da ta ci ginin ita ce ta tona asirin inda yake.

Da aka haƙa daɓen majami'ar, a hankali, da ɗan cokalin magini da buroshi, sai ga ƙasusuwan mutum fiye da 400. An kwantar da su ƙafafu wajen bagadi, hannuwa bisa ƙirji, kamar yadda Katolika suke yi. Amma kuma an bisne su da duwatsun ado kusan 70,000, waɗansu daga Benis, waɗansu har daga Indiya da Sin. Bisne mutum da kayansa kuwa al'adar Gwale ce tun kaka da kakanni. A ganina wannan ya nuna sun karɓi sabon addini ba tare da sun saki tasu al'adar duka ba, fadafadan kuma suka kau da kai.

Haƙoransu ma sun yi magana. Sun fi na kakanninsu ruɓewa, domin a zaman mishan masara ta yi yawa cikin abincinsu, abincin teku ya ragu.

A 1984 Bishop na Sabana ya zo ya sake tsarkake wurin, aka soma mai da ƙasusuwan inda aka same su.